Koyon Sana'a da Kiyaye Haɗari a Wurin Aiki: Bayani ga Magina, Masu Gidaje da Ma'aikatan Masana'antu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa Musulmi, wannan bayani ne a kan horon sana'a da kiyaye haɗari a wurin aiki, musamman a fagen gini, da kula da gidaje, da aikin masana'antu da ma'adinai. Mun tattara shi ne domin ɗalibai da limamai da iyayen yara da masu sana'a su sami abin komawa gare shi. Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara saboda aikinsu, kimanin 330,000 ta hanyar haɗari, sauran kuma ta hanyar cututtukan da aikin ya jawo musu. A unguwanninmu ma babu wanda bai san marayan da ubansu ya faɗo daga gini ba, ko matashin da injin ya cinye wa yatsu.

Ma'anar wannan horo

Horon sana'a shi ne koyar da mutum wani aikin hannu a bisa tsari, har ya ƙware, a jarraba shi, a ba shi shaida. Horon kiyaye haɗari kuwa sashe ne na wannan koyo, wanda a cikinsa ake nuna wa ma'aikaci abin da zai iya cutar da shi a wurin aiki, da yadda zai kauce masa, da abin da zai yi idan ƙaddara ta afka. Ya shafi magini da kafinta da mai walda da mai haɗa wutar lantarki da mai aikin famfo da mai fenti da direban manyan injuna. Ya shafi kuma mai gida da dillalin gidaje da mai gadi, domin ginin da aka gama yana da haɗarinsa kamar wanda ake cikin yi.

A ƙasashenmu hanyoyin koyo biyu ne. Akwai ta gargajiya, inda uba zai kai ɗansa wajen maigidan sana'a ya zauna shekaru har a yaye shi. Akwai kuma ta makaranta, mai manhaja da jarrabawa. Hanyar farko ita ce ta fi yawan mutane, kuma tana da albarka, sai dai yaro yakan gaji ƙwarewar maigidansa tare da sakacinsa. Idan maigida yana walda ba tabarau, haka yaronsa zai tashi.

Matsayin sana'a a Musulunci da tarihinmu

Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Nuhu yana sassaƙa jirgi, da Annabi Ibrahim da Isma'il suna ɗaukaka harsashin Ɗakin Ka'aba, da Annabi Dawuda wanda aka tausasa masa ƙarfe. A Suratu Saba'i, aya ta 11, an umarci Annabi Dawuda da ya daidaita saƙar sulke, kuma a Suratul Anbiya'i, aya ta 80, an bayyana cewa hikimar sulken ita ce kare jikin mutane. Ashe ke nan ƙera kayan kariya sana'a ce da Allah ya koya wa Annabi. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Malamai sun sanya sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsu a cikin farali kifaya, wato idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi.

Magabata sun rubuta a kan ingancin gini. Ibn Abdun na Ishbiliya, a ƙarni na 12, ya yi magana a littafinsa na hisba a kan ma'aunin tubali da kaurin bango. Ibnur Rami, magini ne kuma masanin fiƙihun Malikiyya a Tunis a ƙarni na 14, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gine-gine. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa kula da masu sana'a irin su maƙera da kafintoci a cikin wajiban shugaba, a littafinsa Usulus Siyasa. Garuruwan Hausa suna da Sarkin Magina wanda ke sa ido a kan sana'ar. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma tana nan tsaye. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Saboda haka ƙwarewa da kula gadonmu ne, ba wani baƙon abu ba.

Dalilan shari'a a kan wajabcin kiyaye rai

Malaman usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Haɗari ɗaya a wurin aiki yana iya taɓa uku ko huɗu daga cikinsu. A Suratul Baƙara, aya ta 195, Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma a ayar ce ya umarce mu da kyautatawa.

Sunna ma cike take da wannan tarbiyya. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi (SAW) ga wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau cewa ya riƙe tsininsu don kada ya soki wani. Sun kuma ruwaito cewa da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina, ya umarci a riƙa kashe wuta kafin barci. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo hani a kan kwana a rufin soron da ba shi da katanga. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu.

Wasu kan ce ai kwana idan ya ƙare ya ƙare, hular kwano ba ta hana mutuwa. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma wannan magana ba hujja ba ce ta sakaci. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, kuma shi da kansa ya sa sulke biyu ranar Uhudu. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi wani ɓangare ne na tawakkali.

Haɗurran da suka fi yawa da hanyar kauce musu

Faɗowa daga sama. Wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe magina a duniya. Dandamalin katako ko na ƙarfe da ake tsayawa a kai dole ya zauna a ƙasa mai ƙarfi, a ɗaure shi da ginin, a sa masa shinge mai tsayin kimanin mita ɗaya. Ba a jera bulo ko durom a hau kai. Tsani kuma, duk tsayin mita huɗu sai a janye ƙafarsa mita ɗaya daga bango, kansa ya zarce wurin sauka da kimanin mita ɗaya, a ɗaure shi ko wani ya riƙe. Mai aiki a bakin rufi ya sa ɗamarar kariya wadda aka ƙulla a wuri mai ƙarfi.

Ruftawar rami. Mita ɗaya na ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi, ya fi tan ɗaya nauyi. Wanda ta rufta wa ko da iya ƙirji ne, numfashi kan gagare shi. Ramin da ya kai kafaɗar mutum ana tokare gefensa da katako ko a kwantar da bakinsa, a nisanta ƙasar da aka haƙo daga baki, a sake dubawa bayan ruwan sama. A watan Nuwamba na 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa da ke jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Rijiya, masai da tanki. Iskar da ke cikin irin waɗannan wurare tana iya zama guba ko ta rasa abin shaƙa, alhali ido ba ya gani. Kunna janareto ko injin ban ruwa a cikin rijiya yana tara hayaƙi marar wari mai kisa. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Ƙa'ida ita ce a buɗe wurin iska ta shiga, mai shiga ya ɗaura igiya, wani ya tsaya a waje, kuma kada kowa ya bi wanda ya suma ba tare da kayan numfashi ba.

Wutar lantarki. Wutar gida mai ƙarfin 220 tana kisa. Kafin gyara a kashe ta daga tushe, a kulle akwatin, makulli ya kasance a aljihun mai gyara, sannan a gwada waya kafin a taɓa. Masu ɗaga rodi ko kwanon rufi su kula da manyan wayoyin da ke sama, domin babbar wuta tana iya tsallakowa tun ba a taɓa ta ba. Wanda wuta ta kama ba a janye shi da hannu, sai a kashe wutar ko a ture shi da busasshen katako.

Walda da gobara. Hasken walda yana ƙona ido, baƙin gilashin kwalliya kuma ba ya maye gurbin na aikin. Ba a yin walda a jikin tankin mai ko durom sai an wanke shi an fitar da tururinsa, domin wanda aka juye ya fi fashewa. Ba a kashe wutar mai ko ta lantarki da ruwa. Ƙuna kuwa maganinta na farko shi ne a zuba ruwan sanyi mai tsabta na minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba.

Cututtuka masu zuwa a hankali. Ƙurar yankan dutse da tayil da ta fasa duwatsun ma'adinai tana taurara huhu, kuma idan cutar ta kama ba ta warkewa. Jiƙa dutse da ruwa yayin yanka yana rage ƙurar ƙwarai. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, shi ya sa ake sa safar hannu da dogon takalmin roba. Ƙarar injin da sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji tana kurmantarwa a kan lokaci. Zaibar da ake ƙonawa wajen tace zinariya tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Matakan kariya guda biyar

Masana sun jera hanyoyin kariya daki-daki. Na farko, a kawar da haɗarin gaba ɗaya, kamar a haɗa ƙarfen rufi a ƙasa maimakon a sama. Na biyu, a musanya abu mai cutarwa da wanda bai kai shi ba. Na uku, a sa shamaki tsakanin mutum da haɗari, kamar murfin injin niƙa da shingen bene. Na huɗu, a tsara aiki, wato horo da alamun gargaɗi da lokacin hutu. Na biyar, kayan sawa: hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, tabarau, safar hannu da abin rufe hanci. Kayan sawa su ne na ƙarshe domin ba sa hana abu faɗowa, sai dai su rage ɓarna. Ɗan kwangilar da ya raba huluna amma ya bar bene ba shinge bai sauke nauyi ba.

Haƙƙin mai gini da mai ba da haya

Gini ba ya rushewa haka kawai. Sababban da aka fi sani su ne rage siminti, da amfani da siraran rodi, da ƙarin hawa a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba, da gaggawar cire katakon da ke tallafe da kankare. Kankare yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai bayan kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka auna masa. A Nuwamba 2012 ginin wani babban kanti ya rushe a Achimota da ke Akra. A 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi da ke Legas, sama da mutum 40 suka mutu. A Yulin 2023 wani gidan haya mai hawa ya rushe a Duwala da mutane cikin dare, kimanin 40 suka rasu. Rage kayan gini algus ne, kuma Imam Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus a kan tsibin abinci, to ina ga wanda algus ɗinsa zai rufta a kan iyalai?

Mai ba da haya kuma wajibi ne ya gyara tsagar bango da wayoyin wuta, ya rufe bakin rijiya da masai, kada ya toshe ƙofar fita. Wannan ya haɗa da kwamitocin masallatai da makarantu. Gobarar azuzuwan zana a Yamai a Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, sun ci rayukan yara sama da 40 idan aka haɗa.

Hukuncin lamuni idan haɗari ya faru

Fiƙihu ya bambanta tsakanin ƙaddarar da babu sakacin kowa a ciki da wadda aka jawo. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya nuna babu diyya a kan wanda rijiya ko ramin ma'adini ya halaka. Malamai sun fassara shi da inda mai wurin bai yi ta'addanci ko sakaci ba. Amma wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba tare da izini ba, yana lamunce abin da ya faɗa ciki. A mazhabar Malikiyya, mai katangar da ta karkata, idan aka gargaɗe shi a gaban shaidu, ya sami damar gyarawa bai gyara ba, to yana lamunce abin da ta halaka. Imam Malik ya tafi a kan cewa masu sana'a suna lamunce kayan mutane da suka lalace a hannunsu, saboda maslahar jama'a. Hadisin Abu Dawuda a kan wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da sani ba, cewa shi mai lamuni ne, malamai sun yi ƙiyasinsa a kan duk wanda ya shiga sana'ar da bai iya ba.

Kisan kuskure yana wajabta diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma kaffarar a zamaninmu ita ce azumin wata biyu a jere. Yanke hukunci a kan wani mutum takamaimai aikin alƙali ne bayan bincike. Abin da muke jan hankali a kai shi ne, kai buhun shinkafa gidan gaisuwa ba ya sauke haƙƙin magada.

Haka nan hadisin Abu Zarri da ke Buhari da Muslim ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa. Yarjejeniyar duniya mai lamba 182 ta shekarar 1999 ta haramta sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari. Yaron da aka kawo koyo amana ne, bai halatta a tura shi inda maigida ba zai tura ɗan cikinsa ba.

Zafi da azumi

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40 a yawancin garuruwanmu. Alamun bugun zafi su ne jiri da ciwon kai da ruɗewa. A kai mutum inuwa, a jiƙa jikinsa, a garzaya da shi likita. Game da Ramadan, malamai sun ce mai aikin wahala ya kwana da niyyar azumi, idan ya kai ga matsananciyar wahala ko ya ji tsoron halaka sai ya sha, ya rama daga baya. Abin da ya fi shi ne masu aiki su mayar da zuba kankare da hawa sama zuwa bayan asuba ko dare.

Dokoki da wuraren samun horo

A Nijar dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa, asusun CNSS kuma shi ke biyan wanda aka yi wa rajista idan ya ji rauni a bakin aiki. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da makarantun ma'adinai na EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas, da asusun FAFPA mai tallafa wa horon masu koyon sana'a. Manyan wuraren aiki irin su matatar mai ta SORAZ a Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, da kamfanin kwal na SONICHAR da masana'antar siminti ta Malbaza, suna buƙatar ma'aikata masu shaidar ƙwarewa. A Gana akwai dokar masana'antu ta 1970 da dokar ƙwadago ta 2003. A Kamaru asusun CNPS ke kula da raunin aiki. A Najeriya akwai asusun ITF tun 1971, da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Ranar 28 ga Afrilu kuma ita ce ranar tunawa da lafiyar ma'aikata a duniya.

Muna shawartar mai neman horo ya tambayi abu uku kafin ya biya kuɗi: shin hukuma ta amince da shaidar, shin akwai aikin hannu na zahiri, shin ana koyar da agajin farko da kashe gobara?

Nasiha

Ya ku limamai, ku ware huɗuba a kan wannan al'amari, ku gayyaci 'yan kwana-kwana da injiniyoyi su yi wa jama'a bayani bayan salla. Ya ku iyaye, ku je da kanku ku ga wurin da ɗanku ke koyo. Ya ku alhazai masu gini, ku sa kuɗin kayan kariya cikin lissafi tun farko, domin bai kai kuɗin jinya ba, balle nauyin rai. Ya ku ɗaliban ilimi, haɗa karatu da sana'a ba ya rage daraja, yana tsare mutum daga roƙo. Ku kuma ma'aikata, jikinku amana ne, kuma akwai masu jiran dawowarku da yamma.

Allah ya tsare masu neman halal, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, ya ba iyalansu haƙuri, ya sa albarka a sana'o'inmu. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.